Muryar Jitar Gumar

SHAFI NA 14

Masu cika min akwatin saƙo da ƙorafin na yi shiru, na ji ku. Ku tausaya min, ni nake kwana in tashi da Amud a kaina, kuma wallahi mutumin nan ya kai ni bango. Ga shi nan, ku ma ku ɗanɗana.

*

"Ba ita ba ce."

Karo na tara ke nan Amud na faɗin haka tun hantsi. Ammi Lakdar, wato Kawu Lakdar, mai gyaran rediyo, ya ajiye ƙarfen dalmarsa a kan tebur a hankali, don ya san idan ya bar shi a hannu zai iya jifan wani da shi.

"To wace ce ita ɗin? Faɗa min gidansu in je in ɗauko maka ita."

"Muryar jitar Gumar kauri gare ta, Ammi. Akwai wani ƙaiƙayi a maƙogwaronta, kamar dattijon da bai sha shayin safe ba. Wannan kuwa..." Amud ya ja tsirkiya ɗaya ya saki. Ɗan amfilinsa, akwatin ƙara sauti ƙirar Sin da ya saya a kasuwar Asihar, ya fitar da murya siririya, tas da ita. "Ka ji? Sai ka ce amarya na gaida surukai."

"Shekarata talatin a Tamanrasset," in ji Lakdar, "ana kawo min kaya in cire musu ƙara. Kai kaɗai ne ka zo in zuba maka."

Gobe ne fa bikin Minata, autar marigayi Gumar ag Tibbi, mutumin da duk mai riƙe jita a garin nan daga kaset ɗinsa guda ɗaya tak ya koyi kiɗa. Uban ango, Alhaji Mulud mai shagunan kayan wuta, ya tsallake samarin nan masu manyan na'urori ya zaɓi Amud, da sharaɗi ɗaya: "Kamar kaset. So nake in rufe ido in ga Gumar." Wanda Alhaji Mulud ya yaba a taro ya samu bukukuwan garin nan na shekaru. Wanda ya yi wa tsaki kuwa gara ya rataye jitar ya koma tuƙin mota. Amud ya haura arba'in, bai taɓa ganin Gumar da idonsa ba, kuma wannan ce dama ta farko da aka taɓa ba shi a babban biki.

Sati uku ke nan bai bar kowa ya huta ba. Ya sayi fedoji uku, irin waɗanda ake takawa su canza murya. Ya cire tsirkiyoyi biyu ya sa wayar birkin keke. Ya tura amfilin cikin duro. Ya lulluɓe shi da bargo. Ya ɗauko batirin mota da ya kusa mutuwa ya jona. Kowane gwaji ƙarshensa ɗaya ne: ba ita ba ce.

"Ina bargona?"

Tekna ce, matarsa, tsaye a ƙofar shagon, ta ɗaure fuska tamau.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji Lakdar. "Don Allah ki tafi da bargon, ki haɗa da mijin."

"Mijin na bar maka, Ammi, kyauta. Amud, bargon da innata ta saƙa min ka shimfiɗa wa akwati? Duron ruwana fa? Kwana huɗu ina tara ruwa a tukwane."

"Tekna, saura kaɗan."

"Tun ranar Juma'ar can saura kaɗan. Maƙwabta sun fara tambaya ko raƙumi muke yankawa kullum." Ta fizge bargon ta kaɗe shi. "Ba wannan ya kawo ni ba. Lalla Gaisha ta aiko. Ta ce mai kiɗan ya zo bayan la'asar da kayansa, tana so ta ji abin da za a kaɗa wa 'yarta."

Amud ya juyo ya dube ta.

"Matar Gumar? Yau?"

"A'a, baɗi."

"Ban shirya ba!"

"Je ka faɗa mata. Uwar amarya ce, a tsakar gidanta za a kafa tanti. Idan ta ce ba ka kiɗa, ko Alhaji Mulud bai isa ya ce uffan ba."

Amud ya juya ga tsohon rediyon da ke kan kanta, ya mayar da kaset ɗin baya, ya danna. Karo na nawa ke nan, Allah kaɗai ya sani. Kiɗan ya taso a hankali, da nauyi, da wannan dishewar da ta sa manyan maza kuka a hanyoyin sahara sama da shekara talatin. Ya manna kunnensa a jikin rediyon har rawaninsa ya goce.

Sai ya ɗago kai da sauri.

"Takarda."

"Wace takarda kuma?" in ji Tekna.

"Ku saurara! Duk sanda ya bugi babbar tsirkiya akwai abin da ke karkarwa. Takardar lasifikarsa a yage take! Ammi, ba ni reza."

"Ba ni da ita."

"Ga ta can kusa da almakashi."

"Ta aski ce."

"Ammi!"

Lakdar ya tare teburin da jikinsa. "Saurara, ɗana. Lasifika ɗaya gare ka. Irin girmanta babu a garin nan, sai na aika babban birni, Aljir, kuma kafin ta iso amarya ta saba da gidanta. Idan ka yanka, ka yanka ke nan. Ba na ɗinke takarda."

"Amud," Tekna ta sassauta murya, "abin nan da shi muke ci. Je ka kaɗa mata yadda ka iya. Hannunka yana da daɗi, kowa ya sani."

"Hannuna ba shi aka ce a kawo ba. Na Gumar aka ce."

Ya miƙa hannu ta bayan tsohon ya ɗauki rezar. Ya kwance ragar gaban amfilin. Ya yi bisimilla kamar mai yanka rago, ya tsaga baƙar takardar sau uku, daga tsakiya zuwa gefe.

Tekna ta rufe ido. Lakdar ya ce, "La haula," ya nemi kujera.

Amud ya sassauta tsirkiyoyin duka har suka yi daidai da kaurin kaset, ya jona mataccen batirinsa, ya buga.



Ita ce. Wallahi ita ce. Kaurin, dishewar, har da ɗan kukan nan da ke bin bayan kowane bugu. Mai sayar da dabino na ƙofar shago ya leƙo, bakinsa a buɗe. Tekna ta rungume bargonta, idonta ya cika da ƙwalla, don wannan kiɗan ne ke tashi a motar mahaifinta tun tana ƙarama.

"Ɗan banza," ta ce a hankali. "Ka samo ta."

"Me na ce miki?"

"Kada ka cika min baki. Ka dawo min da durona."

*

Bayan la'asar ya isa unguwar Tahaggart, jita a kafaɗa, amfili a hannu ɗaya, batir a ɗayan, Tekna na biye da shi. Tsakar gidan cike da mata, wasu na tankaɗe gari, wasu na ɗaure igiyoyin tanti. Amud ya ja rawaninsa ya rufe hanci kafin ya tsallaka dokin ƙofa.

Lalla Gaisha na zaune a kan tabarma a inuwar bango, 'yar tsohuwa siririya, tana fifita gawayin shayi. Aka gaisa, aka tambayi gida da zafi da gajiya. Ta miƙa masa kofi na farko. Sai da ya shanye ta ce, "Kai ne na Mulud?"

"Ni ne, Lalla."

"An ce ka hana unguwarku barcin rana."

Mata suka kwashe da dariya. Tekna ta ce, "Ba a yi masa ƙarya ba, Lalla."

"To, mu ji abin da ya hana su."

Ya jona kayansa. Ya buga. Muryar ta cika gidan. Masu tankaɗe suka tsaya. Wata dattijuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Allahu akbar, Gumar!" Wata ta rangaɗa guɗa. Amud ya lumshe ido, zuciyarsa fal, yana jin yau dai ya zama mutum.

"Kashe."

Bai ji ba.

"Na ce ka kashe abin nan!"

Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin. Guɗar ta katse a tsakiya. Lalla Gaisha ta ajiye mafici, fuskarta babu alamar wasa.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kaset ɗin marigayi, Lalla. Tun ina yaro nake..."

"Ba shekarunka na tambaye ka ba. Kana nufin haka mijina ke kiɗa?"

"Ai... haka kowa ya san shi."

"Kowa." Ta ja tsaki. "Ka taɓa zama a gabansa?"

"A'a."

"Ke Fadimata, da kike dafa ƙirji, kin taɓa?"

Dattijuwar ta sunkuyar da kai. "Muna can ƙauye a lokacin, Gaisha. A kaset muka san shi."

"To ku yi min shiru."

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Amud ya dubi Tekna, Tekna ta ɗaga kafaɗa. Ba a jima ba tsohuwar ta fito da wata jakar fata da ɗan rediyo. Ta kwance jakar, ta kwance tsumman da ke ciki, ta fito da kaset fari, babu ko rubutu a jikinsa.

"Wannan ni na ɗauka da hannuna. A nan, inda kake zaune, wata safiya, shekara ta biyu da aurenmu. Matso."

Ta danna.

Waƙar dai ita ce, Amud ya san kowane lungu nata. Amma kiɗan da ya fito siriri ne, tas, mai sauri, yatsu na gudu a kan tsirkiya kamar 'yan awaki an buɗe musu garke. Babu kauri. Babu dishewa. Babu kuka ko kaɗan. A tsakiya ma aka ji namiji ya yi dariya ya ce, "Gaisha, shayinki zai ƙone."

Lalla Gaisha ta kau da kai gefe har dariyar ta wuce.

Amud ya juya ya dubi kayansa. Muryar da ke fita daga rediyon nan ita ce wadda ɗan amfilinsa ke bayarwa da kansa, ba feda, ba duro, ba bargo. Ita ce ya yi sati uku yana yaƙi da ita.

Tekna ta matso kusa da kunnensa. "Amarya na gaida surukai, ko?"

"Don girman Allah, Tekna."

"Ban ce komai ba."

"Lalla," in ji Amud, "to wanda muke ji fa? Wa ya kaɗa shi?"

"Shi ne. Kuma ba shi ba ne." Ta kashe rediyon. "Wani mai sayar da kaset a tasha ya zo ya roƙi aron wannan na yini ɗaya. Ba shi da injin kwafi. Sai ya haɗa rediyo biyu baki da baki, ɗaya na faɗa, ɗaya na ɗauka. Mai faɗar, batirinsa ya kusa ƙarewa, yana jan kaset kamar jakin da ya gaji. Lasifikarsa kuma a yage take, ɓera ya ci gefenta."

"Ɓera," Amud ya maimaita.

"Ɓera. Daga wannan kwafin, da ya samu inji, ya buga ɗaruruwa. Direbobi suka kai Janet, suka kai Gat, suka kai Agadas. Kafin mu farga duniya ta ɗauka."

Wata daga cikin matan ta fara dariya, ta ga fuskar tsohuwar, ta haɗiye abarta.

"Dariya ce, ku yi. Mu ma mun yi a farko. Sai aka fara kiransa biki. Ya zauna ya kaɗa abinsa yadda Allah ya ba shi, sai ka ji an ce, 'A'a, yi mana irin na kaset.' Ya ce wannan ne na kaset. Su ce ƙarya ne. A wani biki a unguwar Sarsuf wani yaro ya miƙe a gaban jama'a ya ce wannan ba Gumar ba ne, an kawo musu na jabu. Aka yi ta ihu. A gabana."

Ta gyara gawayin da yatsa, kamar ba wuta ba ce.

"Ya dawo gida ya rataye jitar a wancan ƙusan. Shekara tara tana nan har ya koma ga Allah. Minata ba ta taɓa ganin ubanta ya riƙe jita ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa na yarda a yi kiɗansa gobe. Na ce ko a hannun wani ne, ta ji yadda ubanta yake. Sai ga ka, ka kwaso min ɓeran nan ka kawo min har tsakar gida."

Kunya ta rufe Amud, ya rasa inda zai sa kansa. Haushi kuma na cin sa, na kansa, na garin, na duk wanda ya taɓa lumshe ido a kan kaset ɗin nan.

"Ban sani ba, Lalla. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani da ban ba ka shayi ba." Ta dube shi sama da ƙasa. "Hannunka yana da kyau, na gani. Ɗaure tsirkiyoyinka su koma inda suke. Cire wannan mushen batirin, ga wuta can a bango. Kaɗa min kamar yadda ka ji yanzu."

Amud bai motsa ba.

"Ba ka ji ni ba?"

"Ba zai yiwu ba, Lalla."

"Saboda me?"

Tekna ce ta amsa, tana kallon sama. "Ya yanka lasifikar da reza. Ɗazu. Sau uku. Har da bisimilla."

Lalla Gaisha ta juyo gare shi.

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Waccan lasifikar dai ɓera ne ya ci, shi kuwa ɓera ba shi da laifi. Kai wa ya aike ka?"

Ta nuna shi da yatsa.

"To saurara da kyau, don ba na maimaita magana. Yadda za ka yi ka gyara, kai ka sani. Amma gobe, idan na ji wannan dishewar ta tashi a bikin 'yata, zan miƙe a gaban dangin ango in kama hannun Minata mu shige ɗaki. Sai a yi bikin da tanti."

"Lalla, Alhaji Mulud ya ce in ba kamar kaset ba, kada in zo. Da bakinsa ya faɗa. Idan na kaɗa irin wannan, jama'a za su ce..."

"Za su ce na jabu ne. Na sani. Na taɓa ji."

"To ki yi masa magana mana! Ki sa masa wannan ya ji. Ai shi ma bai sani ba."

Tsohuwar ta yi wani ɗan murmushi da bai yi wa Amud daɗi ba ko kaɗan.

"Bai sani ba?"

A waje aka ji mota ta tsaya, aka rufe ƙofarta da ƙarfi. Wata babbar murya ta fara sallama tun daga titi. Mata suka shiga gyara lulluɓi.

"Lalla," Amud ya rage murya, "mai sayar da kaset ɗin nan na tasha... wane ne?"

"Ɗansa yaron kirki ne, shi ya sa na ba shi 'yata. Ba shi ya haɗa rediyo biyu ba." Ta mayar da farin kaset cikin tsummansa ta tura ƙarƙashin cinyarta. "Uban kuwa shekara talatin da biyar ina jira ya buɗe baki ya faɗa da kansa. Ga shi nan ya iso."

Alhaji Mulud ya shigo cikin shuɗiyar riga mai ƙyalli, turarensa ya riga shi isowa. Ya hango amfilin, ya hango jitar, fuskarsa ta washe.

"Madalla! Ashe na zo a daidai. Gaisha, kin ji shi? Tun daga kasuwa labari ya iske ni, an ce yau Gumar ya tashi a shagon Lakdar!"

"Na ji shi," in ji ta. "Zauna, Mulud."

Ya zauna a tabarma, dab da ita, ya naɗe ƙafafu. Ta zuba masa shayi ta miƙa. Ya kurɓa, ya lumshe ido tun kafin a fara.

"Bismilla, ɗana. Kamar kaset."

Lalla Gaisha ta ɗago ido ta kafe Amud da su.

"Ka ji abin da ya ce. Ni ma ka ji abin da na ce. Kaɗa."